Ƙarfen Keken da Baba Arzika Ya Ƙera Mini

Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan biro ɗinmu, wato ofishinmu, cikin gurup ɗin nan, ba na son ranar Litinin a tarbe ni da dariya. Don Allah ku ba ni shawara, magana ce ta ƙarfen da ake maƙalawa bayan mota a ɗora keke. Na san wani zai ce wannan ma har ya kai a tara jama'a, to ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, ni ma da farko na ɗauka maganar ƙarfe ce kawai.

Ni ma'aikacin gidan gona ne a Madawa, na haura hamsin, ritaya ta fara leƙo ni. Matata ta rasu, Allah ya jiƙanta, ban sake aure ba, kuma ina roƙonku kar wani ya juya shawarar ga ta koma ta aure, na sha jinta har ta fita raina. Ɗiyata tana aure a Tawa, ɗana yana Aljeriya wurin biɗa, sai dai murya a waya in ya samu rezo. Gidan ni kaɗai ne ciki. In na taso daga aiki sai in kunna rediyo don dai a ji ana magana, akuyar maƙwabta ma in ta shigo tana cin mini zogale ba na korarta, ko banza an shigo. Abokan aikina mutanen kirki ne amma yara ne, da na iso inda suke hira sai kowa ya gyara zama, sannu Shef, ina gajiya Shef, hirar ta mutu sai na wuce. Ba su yi mini laifin komai ba, girmamawa ce, amma wallahi tana da ciwo. Sai in amsa gaisuwa in shige biro in turo ƙofa.

Asalina wani ƙauye ne cikin kwarin Tama, can ƙasar Buza. Iyayena sun rasu, sa'o'ina duk an watse, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Gidanmu na can a kulle, sai 'yar garkar albasa da mahaifina ya bari, da gonar hatsi da na ba wani ɗan'uwa yana nomawa muna rabawa. Kowace Asabar nakan tafi, in an tambaye ni a biro in ce zan duba garka. Gaskiyar magana garkar ba ta buƙatata, wurin Baba Arzika nake zuwa.

Baba Arzika maƙerin gidanmu ne, abokin mahaifina. Ga waɗanda ba su san al'adarmu ba, a garinmu kowane gida da maƙerinsa, gado ne tun kakanni. Ba a ciniki da shi, hauya, lauje, gatari, duk shi ke yi, in kaka ta yi a kai masa damensa na hatsi. Kuma abin da maƙerin gidanku ya ƙera maka ba a mayar masa. In ya lalace ka kai ya gyara, wannan daban, amma ka ɗauko sabon aiki ka aje gabansa ka ce ba ka so, to ka sallame shi ke nan, kai da shi, gidanku da gidansu. Mu kuma asalinmu Buzaye ne, kun san wasan da ke tsakanin Buzu da maƙeri, to Baba bai taɓa kirana da sunana ba tun ina yawo ba wando. Da ya ji takuna sai ya ce, "Buzun banza ya taho. Mi ka kawo man, ko yau ma baki kaɗai ka kawo?" In ce masa tsoho mai cin gawayi har yanzu kana nan, ya ce ba inda za shi sai ya ci gadona. Mu zauna bakin maƙerarsa, matarsa Inna Hajo ta damo fura, ya wanke ni tas, ya ce ubana ko raƙumin kirki bai taɓa mallaka ba jakinsa yake ara, ni ma in rama, mu yi ta dariya har da tari.

Lokacin da matata ta rasu kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai, ana magana ƙasa-ƙasa, na kasa cin komai. Tsohon ga ya hawo bayan motar albasa ya zo har Madawa, ya zauna kusa da ni bisa tabarmar gaisuwa, da jama'a sunka rage ya turo mini kwano ya ce, "Ci, Buzun banza. Ita dai ta huta da kai, mu anka bar ma wahala." Ranar na yi dariya na yi kuka, kuma na ci. Na kawo wannan ne don ku gane irin mutumin da nake magana a kai. Maƙerar tasa kuwa ta daɗe ba a hura ta ba, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa sun tafi biɗa ba wanda ya ɗauki masaba ya gaji ƙirar, mutane sun koma sayen hauyar kasuwa. Ni dai ban fasa kai masa damensa ba kowace kaka.

Matsalar ita ce hanya. Motata ƙarama ce, tsohuwa, amma ina ji da ita. Daga Madawa ka kama hanyar Buza, ka ratse, ka yi ta shan gargada har bakin wata ƙorama, nan mota ke tsayawa. Akwai ɗan zango mai rumfar shayi ƙarƙashin iccen bedi, wato dogon-yaro, nan nake barinta. Daga nan sai 'yar siririyar hanya tsakanin garake, mai moto, wato babur, da mai keke da mai jaki su bi, ni kuwa in taka da ƙafa, tafiya ce mai ɗan nisa, in rana ta take a galabaice nake isa. Bara lokotoro, wato likita, ya ce tansiyona ya hau, hawan jini ke nan, in riƙa motsa jiki, na sayi keke ina zagaya Madawa da shi da safe. Sai tunani ya zo mini, ai in ina tafiya da keken ga na huta da takawa, kuma na samu ƙarin zama da tsoho. Kar ku ce in aje keke a zangon, na gwada da wani tsohon keke da na saya, na dawo na tarar duk zangon an koyi tuƙi da shi, ba birki ba sirdi. Na gwada tusa sabon keken cikin kofur, wato but ɗin mota, sai da na kwance ƙafar gaba, murfin ya ƙi rufuwa na ɗaure da igiya, jar ƙasa ta cika motar har cikin haƙorana, a shingen jandarma kuma anka yi mini nasiha gaban mutane kamar ɗan lakwal, yaron makaranta. Bisa rufin mota kuwa kafaɗata ba ta iya ɗaga keke har can.

Nan na fara neman ƙarfen. Akwai wani mai sayar da kayan mota na hannu a Madawa, ya ce an taɓa kawo masa wani abu daga Kwatano cikin kofur ɗin wata mota, bai ma san amfaninsa ba sai da na nuna masa hoto a waya ya shiga ya zaƙulo shi. Abu ne marar nauyi, ana naɗe shi, yana da ƙugiyoyi da ke kama leɓen murfin kofur sama da ƙasa da gefe, da maɗaurai da ake ja su ɗaure tamau, duk inda zai taɓa fenti an sa roba, ga hannuwa biyu da keke ke hawa. Ba huda mota ba komai. Abin da ya sa na yi jinkiri, maɗauran sun fara koɗewa, na ce ranar Madawa in ta gasa su anya za su kai labari, ga gargadar hanyarmu da ke kwance noti. Makanikena Idi ya ce maɗauri ai ana sakewa, in kuma ba na so ya kai ni wurin mai walda a yi mini wanda za a ɗaure da noti a jikin motar. Ni kuwa ba na son a huda mini mota. Ina cikin wannan kai-kawo ne bakina ya ja mini.

Wata Asabar cikin hira na ba Baba labarin, don dai mu samu abin dariya, har ina kwatanta masa siffar abin da hannu. Ya ce Buzu da keke bisa mota, saura in ɗauki motar in ɗora bisa jaki. Da na tashi tafiya, shi da rakiyarsa ba ta wuce bakin rijiya, ranar sai ya ɗaura wa jakinsa akumari ya ce har zango zai kai ni, wai yana son ya ga akwalar da nake wa alfahari. Munka isa, ya sauka ya yi ta zagaya motar yana shafa bayanta, yana buɗa tafin hannu yana matsarwa daga wannan gefe zuwa wancan, yana cewa wanga ai akurkin kaji ne anka sa ma ƙafa. Ni ina ta dariya, ko kusa ban gane auna motar yake ba.

Asabar da ta biyo ban je ba, an tura mu taro Keita, ta gaba kuma ruwa ya cika ƙorama. Da na samu na koma, tun daga garake na hango hayaƙi bisa maƙera, sai da na ja na tsaya, don na manta rabon da in ga haka. Na tarar da shi zaune, hannunsa na hagu naɗe da tsumma, ga wani abu jingine da bango an rufe da tsohon buhu. Ya ce, "Buɗe ka gani, Buzun banza. Gidanku na da maƙeri, ka tahi kana biɗar ƙarhe ga Turawa?" Na buɗe. Da tsohon sifirin na mota ya yi shi da ƙarfen amalanke, ba walda ko ɗigo, duk hudawa ya yi ya sa ƙusa ya dake kanta, irin aikin dauri. Ga ƙugiyoyi, ga hannuwa biyu yadda na kwatanta, har ya naɗe su da fata don kar keken ya kuje. A tsakiya ya buga shaidar gidanmu, zane uku da ɗigo, wadda ke jikin hauyar mahaifina da gatarinsa. Da na ga shaidar nan sai na juya baya na yi kamar hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Inna Hajo ta ja ni gefe wurin randa, ta ce tun ranar da ya raka ni bai zauna ba, ita ke masa zuga don ba kowa, ya ƙone hannu don ba ya ganin inda jan ƙarfen ya tsaya, tari ya sa shi gaba, amma kuma ta daɗe ba ta ga ya cinye tuwonsa har yana neman ƙari ba sai kwanakin nan. Ta ce, "Ɗana, ka gode mai, amma don Allah kar ka sake ba shi aikin wuta." Na ce na yi alkawari. Anka ɗora ƙarfen bisa jaki har zango, don ni kaɗai da ƙyar nake ɗaga shi, na kwantar da shi kujerar baya, na ce sai na je Madawa a ɗaura a natse.

A garaji ni da Idi munka ɗaga munka gwada. Tun kafin mu saki, murfin kofur ya fara lotsawa. Ƙugiyoyin sun yi kauri ba su shiga leɓen murfin sai an buɗa shi da ƙarfi, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo kuma ya karkace, keke in ya hau sai ya zube gefe, ya rufe lambar mota da fitila ɗaya. Duk wannan da sauƙi. Idi ya goge wurin lanƙwasa da tsumma ya nuna mini tsaga, siririya kamar gashi, ta ci fiye da rabin ƙarfen, daidai inda nauyin keke zai sauka. Ya ce wannan in ya sha gargada karyewa zai yi, shi bai ce yau ba bai ce gobe ba, kuma na san hanyar Buza ranar kasuwa, 'yan kabu-kabu bisa moto na bin bayan mota da mata da goyo, a ce ƙarfe da keke sun faɗo gabansu. Raina ya ɓaci, na ce masa tun ba a haifi ubansa ba mai aikin ga ke dukan ƙarfe, shi me ya sani ban da kwance noti. Ya ce shi dai ba da hannunsa ba, in na ga dama in kai wani garaji. Munka rabu ba daɗi, na kwashe abina na koma gida. Da na huce na sa tabarau na fito da shi rana na duba da kaina, tsagar tana nan, har farcena na kamawa. Washegari na koma na ba yaron haƙuri.

Na kira ɗiyata na ba ta labari, ta ce mini wannan ai ba abin damuwa ba ne, ka sayi na kasuwa, na tsohon ka aje a ɗaki, shi ina zai sani. Na ce mata ba ki san mutanen nan ba, ta ce ni ne dai nake ɗaukar komai da zafi tun da Mama ta rasu, daga nan ta gangaro maganar aure, na kashe wayata. Amma maganarta ta zauna mini. Na ci gaba da zuwa da ƙafa, Baba na tambaya ina keke, in ce ana gyaran murfin kofur, ya ce daman ya sani, akwala ba ta iya ɗaukar aikin maza. Da ya matsa sai na ce masa in Allah ya so Asabar mai zuwa za ka ga keke. Abin da ke raina, in karɓo na Kwatanon nan in gwada, in bar mota a zango kamar kullum, in shigo gari bisa keke, ya ga keke ya ji daɗi, shi ke nan. Mutumin da ya taɓa hawa jaki ya zo har zango don ya auna mota, ban san abin da ya rufe mini tunani na ɗauka ba zai sake zuwa ba.

Mai kayan ya ba ni ya ce in gwada, in ya yi mini mu yi magana. Gaskiya abin ya yi, nan da nan Idi ya ɗaure shi, keke ya zauna daram, a hanya na tsaya na ƙara jan maɗauran, ban da haka ko motsi. Ina shan kwanar zango na hango jakin. Baba Arzika na zaune bisa benci ƙarƙashin bedi, ya sa farar rigarsa ta Juma'a da rawani, ga wasu tsofaffi biyu na garinmu da ya gayyato, ga mai shayi da mutanen zangon duk sun miƙe. Daga baya mai shayin ke gaya mini tun da hantsi suke nan, ya gaya wa kowa yau za a ga aikin maƙeri bisa mota. Da akwai inda zan juya da na juya.

Na tsaya na fito. Shi ba ya gani daga nesa, ya taso da sandarsa yana cewa, "Ku matso ku ga abin da ni yi ma Buzun banza," ya kai hannu bayan motar. Ya shafa robar, ya bi maɗauri da yatsa har ƙugiya, ya laluba tsakiya inda shaidar take a jikin nasa. Ya daɗe hannunsa na nan, sannan ya juyo ya ɗan rusuna mini, tsohon da ya ci naman sunana, ya ce, "Sannu da zuwa, ranka shi daɗe. An taho lahiya? Aikin ga ya yi kyau ƙwarai." Na fara kame-kame, aro ne, gwaji ne, naka na nan gida, ya ce ba komi, wallahi ba komi. Ya hau jakinsa, tsofaffin sunka bi shi. Na sauke keken na tura shi da hannu a bayansu har gari, ban iya hawa ba.

Tun ranar Baba bai yi mini faɗa ba, bai ɗaure fuska ba, da ma faɗan ya yi. In na je sai ya sa Inna Hajo ta shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ya gaishe ni da aiki, da mutanen Madawa, da gajiyar hanya. In na ce masa tsoho mai cin gawayi sai ya yi murmushi ya ce haka ne. Daga gaisuwar nan hira ta ƙare, in tashi tun la'asar ba ta yi ba. Da anka yanke hatsi na kai masa damensa da kaina, shi da kullum sai ya jinjina ya ce wanga dame ko tsuntsu ya raina shi, Buzu bai san kunya ba, ranar sai ya karɓa da hannu biyu ya yi mini doguwar addu'a irin wadda ake wa baƙon da ya kawo sadaka. Na fito na zauna bakin garka, ni da furfurata, na yi kuka mai isata.

Asabar da ta wuce da zan tafi Inna Hajo ta biyo ni har bakin rijiya. Ta ce ya ce a gaya mini, in ƙarfen nan ba ya da amfani gare ni in maido masa, sifirin ne mai kyau, ya fidda lauje ciki. Ta ce ita ta san abin da maidowar ke nufi, shi ma ya sani, ba lauje yake so ba, so yake ya san ko har yanzu shi ne maƙerin gidanmu. Ta ce, "Ko ka taho da shi bisa mota, ko ka taho da shi a hannu, amma kar ka sake tahowa babu shi. Zaman ga na cin shi."

To jama'a nan nake. Mai kayan ya fara kira, in ina so in faɗa, in ba na so akwai wanda ya tambaya. Ƙarfen Baba kuma yana jingine cikin ɗakina, shi nake fara gani in na buɗe ido. Na yi tunanin in ɗaura shi haka nan in yi ta lallaɓawa a hanya, to in ya karye ya kashe ɗan wani fa, me zan ce wa Allah, in ce ina gudun ɓacin ran tsoho ne? Na yi tunanin in kai wa mai walda ya cike tsagar, ya rage nauyi, ya daidaita hannuwan, Idi ya ce shi bai cika amincewa da walda bisa sifirin ba, kuma in za a gyara duka kusan sabon aiki ne. Ga shi Baba da yatsa yake gani, da ya shafa zai ji ɗinkin walda, a wurin maƙeri kuwa a ce wani ya sa hannu cikin aikinsa a bayan idonsa, ban san wanne ya fi ciwo ba tsakanin wannan da abin da na riga na yi masa. Idin ne ma ya ce to in riƙa tafiya da na Kwatano, in na kusa zango in tsaya in sauya. Wato kowace Asabar in tsaya cikin daji ina kokawa da ƙarfen da ba na iya ɗagawa ni kaɗai, don in yaudari tsohon da ba ya gani. Ba na jin zan iya.

Saura gaskiya. In ɗauke shi in kai masa in ce Baba ba maidowa na yi ba, gyara na kawo, in kama yatsansa in ɗora bisa tsagar. Al'ada ta yarda da gyara. Amma hakan daidai yake da in gaya masa idonsa ya tafi, hannunsa ya daina yi masa biyayya, abin da duk garin an sani ba wanda ya taɓa furtawa gabansa. Kuma na san halinsa, a ranar zai sa a hura wuta, ga alkawarin da na yi wa Inna Hajo, ga hannun da har yanzu bai gama warkewa ba. Ko ya gyara tsagar ma, nauyin fa, murfin kofur ɗin fa. Wani lokaci in ce a bar keken baki ɗaya in koma takawa da ƙafata, daman lokotoro motsa jiki ya ce, to amma wannan bai amsa abin da tsohon ya tambaya ba.

Ni yanzu keken ma ya fita raina, kwanakin nan ko zagayen safe ban yi ba. Duk mako ana ce mini Shef, ana ce mini ranka ya daɗe, a biro, a kasuwa, a masallaci. Wuri ɗaya ne ya rage mini a duniya da ake zagina in ji ni ɗan wani ne, shi ma ga shi an fara shimfiɗa mini tabarmar baƙi. Tsoho ne, ban san Asabar nawa ta rage mana ba, kuma ba na son a kira ni a waya wata rana alhali kalmar ƙarshe da ya gaya mini ranka shi daɗe ce.

Asabar ta matso. Masu sanin ƙarfe don Allah ku gaya mini, sifirin da ya tsage yana gyaruwa har a amince masa da keke cikin gargada? Masu tsofaffi a gida kuma ku gaya mini yadda ake faɗa wa mutum irin wannan gaskiya ba tare da an karya shi ba. In kai masa bisa mota ne, ko in kai masa a hannu, ko akwai wata hanya da ni ban hango ba? Zan karanta duk abin da kunka rubuta, Allah ya saka muku da alheri. Ni dai ba abin da nake so illa in isa bakin maƙerar nan, ya ji takuna, ya ɗaga kai ya ce Buzun banza ya taho.